Hadda ba za ta fisshe ki a kashi na farko na jarrabawar magana ba

Salam 'yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce saura sati uku ki shiga jarrabawar IELTS, wato ta gwajin iya Turanci, kuma ɓangaren magana ne yake hana ki barci, musamman kashin farko da ake tambayar mutum game da kansa. Kin ce kin rubuta amsoshin tambayoyi wajen hamsin a littafi kin haddace su tsaf, amma da ƙawarki ta zauna ta gwada ki ta ɗan juya tambaya ɗaya sai komai ya gudu daga kanki kika tsaya kina kallonta, shine kike tambaya ko ki ƙara yawan haddar ne. Na daɗe ina koyar da masu shirin wannan jarrabawar, kuma gaskiya amsata a'a ce, kar ki ƙara ko guda ɗaya. Abin da ya faru tsakaninki da ƙawarki shi zai faru a gaban mai jarrabawa, gara ma da ya faru yanzu da sauran lokaci.

Bari na fara da yadda abin yake don ki san me kike tunkara. Jarrabawar maganar gaba ɗayanta minti 11 zuwa 14 ce, ke da mutum ɗaya, kuma ana ɗaukar muryarki a rikoda tun daga farko har ƙarshe. Kashi uku ce. Na farko minti 4 zuwa 5, shine wanda kike tambaya a kai. Na biyu za a ba ki kati da batu a jiki, a ba ki minti ɗaya ki yi ɗan rubutu sannan ki yi magana har minti biyu ke kaɗai, na uku kuma tattaunawa ce mai zurfi a kan abin da ya shafi batun katin. Ko ta masu neman karatu kika yi rijista ko ta masu neman aiki da zama, ɓangaren magana iri ɗaya ne. Da kin shiga mai jarrabawar zai gaishe ki ya faɗi sunansa, ya tambayi cikakken sunanki, ya karɓi fasfo ko katin shaidar da kika yi rijista da shi ya duba, to a nan sunanki kawai za ki faɗa ki miƙa katin, ba wajen jawabi bane. Daga nan sai ya shiga ɗaya daga cikin biyu, ko dai inda kike zaune, gidanku da garinku, ko kuma aikinki ko karatunki. Bayan wannan sai wasu batutuwa kamar guda biyu na rayuwar yau da kullum, duka-duka tambayoyin ba sa wuce goma zuwa sha biyu haka. Kinga in kika raba minti biyar a kan wannan adadin za ki ga kowace tambaya da amsarta daƙiƙa ashirin da biyar ce zuwa talatin, wato jimla biyu zuwa uku.

Yanzu maganar hadda. Hukumomin da suke da jarrabawar, wato British Council da IDP da Cambridge, sun fitar da takardar da ake ba da maki da ita kowa zai iya karantawa kyauta a intanet, kuma ina roƙonki ki nemo ta ki karanta a daren yau. Abu huɗu ake dubawa kuma nauyinsu ɗaya, gudanar magana ba cijewa tare da haɗuwar zance, sai yawan kalmomi da sanin inda ake sa su, sai nahawu, sai furuci. Maki daga 0 ne zuwa 9. Idan kin duba takardar za ki ga inda aka ambaci magana haddatacciya a can ƙasa ne, wajen maki 2 da 3, wato ita hukumar da kanta tana ɗaukar mai dogaro da hadda a matsayin wanda bai iya yaren ba tukuna. Kuma su masu jarrabawar nan aikinsu kenan, mutane da yawa suke saurara, kunnensu ya san karatun aku. Murya takan miƙe ta zama ba hawa ba sauka, gudu ya ƙaru, ido ya tafi sama ana lalubo layi na gaba, ga manyan kalmomi da ba su dace da sauran Turancin mutum ba. Da ya ji haka sai ya katse ki ya tafi tambaya ta gaba, kuma abin da kika zubo ba zai sa miki shi a ma'auni ba, jira zai yi ya ji ainihin Turancinki lokacin da kika faɗo inda babu hadda. Abin da yake ba ni tausayi shine na sha ganin ɗalibai masu Turanci mai kyau a hira ta yau da kullum, amma da sun hau kan haddarsu sai su koma kamar ba su ba, in kalma ɗaya ta ɓace sai duk sauran su rushe tunda igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Sannan wa ya ce miki tambayoyinki hamsin ne za su fito? Bayan zancen gida ko aiki ana iya tambayarki kan madubi, ko takalmi, ko rubutun hannu, ko kina kallon taurari da dare. Ba wanda zai iya haddace duniya.

Amma fa kar ki yar da littafin nan naki, akwai amfani a cikinsa. Abin da nake sa ɗalibaina su yi shine su shirya rayuwarsu da Turanci, wato kayan zancen, su bar jimlolin su riƙa fitowa sabbi kowane lokaci. Misali aikinki, kin san sunansa daidai da Turanci? Kin san sunan abubuwa biyar da kike yi daga safe zuwa tashi, da abin da ya fi ba ki wahala a ciki, da dalilin da ya sa kika shiga? Ɗakin da kika fi so a gida, me ake gani ta tagarsa, tun yaushe kike zaune a wurin, me za ki canza in da hali? Abin da kike yi ranar hutu, abin da kike so kina yarinya kika daina yanzu, abin da kike son koya nan gaba. Ki bi littafin naki ki ja layi a ƙarƙashin kalmomi da gajerun gaɓoɓin magana masu amfani, uku ko huɗu a kowane batu, ki kwafe su a wata takarda, sannan ki rufe littafin ki amsa tambayar da baki. Gobe ki sake amsa ta ta wata hanyar, jibi ma haka. In kin amsa tambaya ɗaya sau biyar kuma ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta sak to kin mallaki batun, duk ta inda aka juyo shi za ki iya tarewa.

Tsarin amsa kuwa ba wani abu ne mai wuya ba. Ki amsa abin da aka tambaye ki kai tsaye a jimlar farko, sannan ki ɗora dalili ko misali ko ɗan bayani na lokaci da wuri. In ya ce "Do you like your job?" kar ki tsaya a "yes" ki yi shiru kina jiran ya jawo ki, kuma kar ki ɗauko tarihin yadda aka kafa ma'aikatar. Ki ce eh kina so, saboda kullum kina haɗuwa da sabbin mutane, sai dai ranakun da aiki ya kai ku dare sukan gajiyar da ke. Shikenan, jimla uku, kuma kinga wannan "sai dai" ɗin ta ba ki damar haɗa jimla mai rassa ba tare da kin tilasta ba, wanda kuma shi ake nema a ɓangaren nahawu. Masu gajeriyar amsa suna cutar kansu ne don ba su ba shi abin da zai auna ba, masu doguwa kuma sukan ɓace a hanya su manta me aka tambaya. In ya katse ki kina tsakiyar magana kar gabanki ya faɗi, agogo yake bi, dole ya gama tambayoyinsa cikin minti biyar, ba alamar kin yi kuskure bane. Haka in kin ga fuskarsa ba yabo ba fallasa, an horar da su ne kar su nuna wa mutum ya yi kyau ko bai yi ba.

Wani abu da mutane ba sa yarda da shi sai an maimaita musu, ba a ba da maki a kan ra'ayinki ko a kan ko rayuwarki tana da ban sha'awa. In an tambaye ki kina son zane-zane kuma ba kya so, ki ce ba kya so ki faɗi dalili, ko ki ce rabonki da shi tun kina firamare. Wannan cikakkiyar amsa ce. Ni shawarata kullum a faɗi gaskiya, don gaskiya tana nan a kai ba sai an ƙirƙiro ba, ƙwaƙwalwarki aiki ɗaya za ta yi wato neman Turanci, amma mai ƙirƙirar labari aiki biyu yake yi lokaci guda kuma nan in-ina take farawa. In tambayar ta zo kan abin da ba ki taɓa tunani a kai ba, ki faɗi hakan da Turanci, ki ce gaskiya ba ki taɓa tunanin wannan ba amma kina ganin kaza, wannan ma magana ce kuma ta sayo miki daƙiƙa biyu na tunani. Kar dai ki mai da shi waƙa a kan kowace tambaya, akwai masu buɗe duk amsa da "that's an interesting question" har a kan tambayar ina kike zaune, wannan ma hadda ce kuma ana ganewa.

Inda na fi son ki sa ƙarfinki a sati ukun nan shine lokutan aikatau, don nan ne mu masu Hausa muke zubar da maki ba mu sani ba. A Hausa aikatau ba ya canza jiki saboda lokaci, wakilin suna ne yake ɗaukar nauyin, na tafi, ina tafiya, zan tafi, nakan tafi. Turanci kuwa jikin kalmar ake taɓawa, shi ya sa da magana ta yi zafi sai mu yar da "ed" ɗin ƙarshe da "s" ɗin mutum na uku mu yi ta zuba komai a lokacin yanzu. Kuma kashi na farko da gangan aka gina shi yana yawo da mutum tsakanin lokuta, tambaya ɗaya kan yanzu, ta gaba kan yarinta, ta gaba kan abin da kike so nan gaba. Sirrin shine ki saurari kan tambayar don amsar tana ciki. In kin ji "did you" to baya za ki koma. In kin ji "would you like" ki ɗauko "would" ɗin ki yi amfani da ita. In kin ji "how long have you" to nan ne tarkon da ya fi kama mutane, da yawa sai su ce "I am living here since five years", daidai kuwa shine "I've lived here for five years". Ki zauna ki yi wa kanki jimloli goma irin wannan a kan rayuwarki, tun yaushe kike aiki, tun yaushe kika san ƙawarki, ki yi ta faɗa har bakinki ya saba. Ki kuma kula da kiran abubuwa "he" da "she", tunda mu a Hausa mota mace ce gida namiji ne, wani lokaci sai ya tsallako cikin Turanci.

Amma kar wannan ya sa ki tsoron kuskure har ki kasa magana. A takardar makin nan, mai maki 7 ma an yarda yana da kurakuran nahawu, abin da ake so dai jimlolinsa marasa kuskure su yawaita. In kin ji kin yi kuskure kuma gyaran yana bakinki ki gyara sau ɗaya ki wuce, in kuwa sai kin koma farkon jimla kin sake gini to ki bar shi, yawan komawa baya yana cin makin gudanar magana. Haka in kalma ta ɓace miki, kar ki tsaya kina "ehh ehh", ki kewaya ki bayyana abin da wasu kalmomin, iya kewayen nan ma abu ne da ake ba wa maki a fili.

Furuci kuma, ki cire wa ranki cewa sai kin yi magana kamar 'yar Ingila ko 'yar Amurka. Ba a hana mutum karin harshensa ba, abin da ake aunawa shine ana gane ki ba tare da wahala ba. Na ga waɗanda suka lanƙwasa harshe suna kwaikwayon fina-finai har maganar ta daina fita, alhali da muryarsu ta asali ana jinsu tar. Abin da ya kamata ki gyara shine sautukan da suke canza ma'ana. Namu sanannu ne, p da f, kamar "pull" da "full", sai v da b kamar "vote" da "boat", sai th ɗin "think" da yake komawa "sink". Ga kuma saka wasali tsakanin baƙaƙe tunda Hausa ba ta son baƙi biyu ko uku a jere a farkon kalma, yadda "screwdriver" ya zama sukundireba a bakinmu, to haka muke yi wa "street" da "school" ba mu ji ba. P ɗin nan da sauƙi, ki riƙe 'yar takarda a gaban baki, in kin haɗe leɓɓa kin sake su da iska takardar za ta motsa, f kuwa haƙoran sama ne a kan leɓen ƙasa. Sai nauyin gaɓa, Hausa da karin sauti take aiki, Turanci kuma gaɓa ɗaya ake dannawa a kalma a sassauta sauran, in kin danna inda ba nan ba kalmar takan ɓace wa mai sauraro ko da duk haruffan sun fita. Duk kalmar da kika san dole za ki faɗa, sunan aikinki, fannin karatunki, ki buɗe ƙamus mai murya a waya ki ji inda ake dannawa. Abin takaici ne mutum ya kasa furta sunan sana'arsa daidai a tambayar farko.

Yadda za ki raba kwanakin, ni dai ga abin da zan ce. Kullum minti ashirin zuwa talatin na magana da baki a bayyane, karatu a zuci ba ya cikin lissafi don baki ne zai shiga jarrabawar. Ki kunna rikodin a wayarki, ki amsa tambayoyi goma a jere ba tsayawa, sannan ki saurara. Ranar farko ba za ki ji daɗin jin muryarki ba, kowa haka yake, ki daure. Ki ɗauki minti ɗaya daga ciki ki rubuta shi kalma da kalma yadda kika faɗa har da su "ehh", a nan za ki ga kurakuranki da idonki, kuma za ki tarar ba su da yawa, guda biyu ne ko uku suke ta dawowa. Su za ki bi, ɗaya bayan ɗaya, kar ki ce za ki gyara komai a sati uku. Ki ƙara da minti biyar na bin bayan mai magana, ki sami hira ta Turanci a rediyo ko bidiyo ki riƙa maimaita jimla da zarar an faɗa da irin hawa da saukar muryar. A sati na biyu ki dawo da ƙawar nan taki, ki ba ta tambayoyin da ba ki gani ba, ki ce ta riƙe agogo ta katse ki in kin zarce, kuma kar ta taimake ki da kalma ko ta yi miki murmushin ƙarfafa gwiwa. A sati na ƙarshe in da hali ki sami wanda ba ki saba da shi ba ya yi miki cikakkiyar jarrabawar kashi uku ko sau biyu ne, don rawar baki a gaban baƙo daban take da ta gaban ƙawa. Kuma kar kashin farko ya cinye miki duk lokacin, makin na jarrabawar gaba ɗaya ne ba a raba shi kashi-kashi, na biyu da na uku nan ne ake ganin iyakar Turancin mutum, na farkon amfaninsa ki samu nutsuwa bakinki ya warware.

Ranar jarrabawa ki duba takardarki da kyau don ɓangaren magana ba lallai ya faɗo rana ɗaya da sauran ba, yana iya zuwa 'yan kwanaki kafin ko bayan. Ki je da wuri da ainihin katin shaidar da kika yi rijista da shi. Kafin ki shiga ki yi magana da Turanci ko minti goma ne, ko da ke kaɗai ce a hanya, kar ya zama gaisuwar mai jarrabawa ce Turancinki na farko a ranar. Ki ɗaga murya yadda rikoda za ta ɗauka, ki rage gudu, masu tsoro sauri suke yi suna zaton shine iya magana. In ba ki ji tambaya ba ki ce ya maimaita, a kashin farko zai maimaita miki ita yadda take kuma ba a rage maki don wannan, a kashi na uku ne yake da damar sake fasalta tambaya da wasu kalmomin. Gara ki nemi maimaici da ki amsa abin da ba a tambaya ba.

In kuma sakamako ya fito maganar ce kaɗai ta gaza abin da kike nema, yanzu akwai tsarin sake ɓangare ɗaya kawai cikin kwana 60 ga wanda ya yi jarrabawar a kwamfuta, sai dai ki fara tambayar cibiyarki ko suna yi, ki kuma tabbatar makarantar ko hukumar da za ki kai wa sakamakon tana karɓar irinsa kafin ki biya.